Ranar da Korbi Ya Koya wa Dattawa Shan Giyar Alkama

A ƙauyenmu na gindin duwatsun Bavariya, in ka ce Burgi kowa ya san wadda kake nufi: matar nan da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, wadda ko iska ta kaɗa sai ta tsaya a taga tana tunanin ko ɗan nata ya fita da rigar sanyi. Ɗan kuwa, Korbinian, wanda duk gari ke kira Korbi, ba yaro ba ne. Ya ba talatin baya, sanƙo har ya fara leƙowa. Ya je Munich ya sayar da tayoyin mota ya bari, ya sayar da katifu ya bari, ya shiga wani aikin da har yau uwarsa ba ta gane kansa ba. Ana shiga azumin da ke gaban Ista, lokacin da ake fito da giya mai ƙarfi, sai ga shi ya dawo gida da akwati ɗaya da labarin cewa ya yi kwas na ɗanɗanon giya.

"Kwas ɗin na wata nawa ne?" in ji Burgi, tana ƙara masa miya.

"Mama, ba a auna ilimi da wata."

Daga baya ta ji a bakin mutane cewa na Asabar da Lahadi ne, kuma ran Lahadin bai samu zuwa ba, kansa na ciwo.

Ita dai ba wannan ne ya dame ta ba. Akwatin ne ya dame ta, domin bai kwance shi ba. Ya ce in bai ga abin yi a ƙauye ba, kafin Ista zai koma birni. Duk wadda ta haifi ɗaya tak ta san yadda irin wannan magana ke zama a ƙirji. To, a lokacin gidan abinci da giya guda ɗaya da muke da shi yana rufe, mai riƙe da shi ya tsufa ya ajiye. Ginin na Baba Ignaz ne, mai ɗan kamfanin da ke dafa giyar ƙauyen, tsoho mai ƙarancin magana. Burgi ta ɗaura ɗankwali ta je ta same shi, ta roƙa wa ɗanta gidan.

Baba Ignaz ya daɗe yana dubanta. "Don ke zan yi, Burgi, da kuma marigayi. Ya buɗe ran Lahadi in an taso daga coci, ya ciyar da dattawan da suka saba zama a teburin gidan. In sun tashi ba wanda ya yi tsaki, makulli ya zama nasa."

Aikin ba wani aiki ba ne. Farin sosej, wato niƙaƙƙen nama da ake ɗurawa a hanji, a ruwan zafi, burodin gishiri, mastad mai zaƙi na dangwalawa, sai giyar alkama mai ƙarfi daga ɗakin ƙasa, da sanyinta, a dogon kofi. Sharaɗi ɗaya ne kawai, a cinye kafin ƙararrawar coci ta buga sha biyu, domin a wajenmu ba mai sa farin sosej a baki bayan ƙararrawar nan sai baƙo.

Da ta kawo masa labari da makullin aro, Korbi ya jingina da kujera ya harɗe hannu.

"Mama, mutanen nan tun suna samari suke kwankwaɗar giya kamar shanu a bakin rafi, amma ba wanda ya taɓa ɗanɗana ta. Ni zan nuna musu."

"Korbi, ba nuni suke so ba, ci suke so."

"Shi ya sa garin bai ci gaba ba."

Tun daga nan Burgi ta fara ƙirga kwanakin da suka rage kafin Lahadi.

Ran Asabar ta je share gidan, ta tarar ya hawo da akwatunan giya daga ɗakin ƙasa, ya jera su jikin murhun ɗumama ɗaki, ya kuma cika murhun da itace.

"Me kwalabe suke yi a bakin wuta?"

"Giya mai ƙarfi sanyi ɗaure mata baki yake yi. Sai ta ji ɗumi take magana."

"Babanka in zai ɗauko kwalbar nan daga ƙasa, kamar jariri yake riƙo ta."

"Baba mutumin kirki ne, Allah ya jiƙan shi. Amma bai yi kwas ba."

Bai tsaya nan ba. Giyar alkama tana da yis, sinadarin da ke sa ta tsima, wanda ke kwanciya a gindin kwalba. Kowa ya san sai an tsiyaye ta a hankali, a bar 'yar kaɗan, a juya ta, sannan a ƙarasa zubawa. Korbi ya ce wannan rashin adalci ne, don me ƙarshen kwalba zai samu yis farkonta ya rasa? Gobe da safe zai girgiza su duka tun da wuri, kowane ɗigo ya samu rabonsa.

Zenzi, maƙwabciyar Burgi, wadda ba a yin abu a ƙauyen ba ta leƙa ba, ta sako kai ta taga.

"Korbi, shanya su kake yi ko gasawa?"

"Inna Zenzi, wannan ilimi ne."

"To madalla. Ni dai na san ilimin nan tun yana fitsari a gadon uwarsa."

"Zenzi, don Allah," in ji Burgi.

"Ban ce komai ba, ƙawata. Gobe da laima zan zo."

Ran Lahadi Burgi ba ta ji ko kalma ɗaya daga wa'azin Fada ba. Addu'a ɗaya ta yi ta maimaitawa, Allah ya sa yaron nan ya samu gidan ya zauna. Ana tashi ta riga kowa fita, ta shige kicin ta ɗora ruwa. Hias mahauci ya riga ya aiko da sosej ɗin, farare tas, na safiyar nan. Ta zuba su, ta rage wuta, domin ruwansu ba a barin shi ya tafasa. Daga falo tana jiyo ƙas-ƙas ɗin kwalabe, Korbi yana raba adalci.

Dattawa suka iso, Baba Ignaz a gaba da hularsa ta ranar Lahadi, mai tuntun gashin akuyar dutse, wadda ya gada daga mahaifinsa. Bayansa Hias mahauci, sai Fada Vitus, sai sauran 'yan tebur, sai Zenzi da ba wanda ya gayyata. Suka tsaya cak a bakin ƙofa. Teburinsu na kusurwa, inda kowa ke da mazauninsa tun kafin a haifi Korbi, an ja shi an jingine da bango. An jera kujeru sahu-sahu kamar aji. A kan kowace kujera akwai ɗan kofi mai ƙafa, a ƙarƙashinta kuma ƙaramin bokiti.

Hias ya ɗaga kofin da yatsa biyu. "Yaro, wannan na maganin tari ne?"

"Na ɗanɗano ne, Kawu Hias. Ku zauna."

"Bokitin fa?"

"Na tofarwa."

"Tofar da me?"

"Giyar. A kurɓa, a juya ta a baki, a tofar."

Baba Ignaz ya juyo a hankali.

"Giyata?"

"Haka ake yi a duniya, Baba."

"To," in ji Baba Ignaz, ya zauna. Burgi da ke leƙe ta ƙofar kicin ta san wannan "to" ɗin. Da shi ya sallami surukinsa daga kamfani.

Korbi ya tsaya a gaba da baƙin kyalle ɗaure a ƙugu. Kwalaben bakin murhu bai buɗe su ba tukuna, ya ce waɗannan na babban lokaci ne. Don bayani ya bar wa kansa 'yan kwalabe masu sanyi. Ya zuba ɗaya a dogon kofi, ya ɗaga saitin taga.

"Ku dubi launi. Me kuka gani?"

"Giya," in ji Hias.

"Ku dubi kumfa. Me take gaya muku?"

"Cewa take a sha ta."

Korbi ya cusa hanci cikin kofin, ya lumshe ido. Ya ce akwai ayaba, akwai kanumfari, akwai burodin da ya ɗan ƙone, can ƙasa-ƙasa kuma akwai tsohon sirdin doki da ruwan sama ya jiƙa.

"Ba sirdi a tukunyata," in ji Baba Ignaz.

"Ba ka saka ba, Baba, amma yana nan."

Ya kurɓa, ya kurkure baki da ita, ya haɗiye.

"Af, kai ba ka tofar ba," in ji Zenzi.

"Malami ba ya tofarwa, Inna. Dole ya raka ta har ƙasa ya ga inda ta sauka."

Ya raka ta, ya sake raka ta. Sannan ya miƙa kofin a zagaya da shi, kowa ya shinshina kawai. Kofin ya bi sahun farko lafiya lau. Da ya kai hannun Fada Vitus, sai ya dawo wayam.

"Fada, shinshinawa na ce."

"Ɗana, hancina gajere ne, sai da na matso sosai."

Korbi ya buɗe wata. Giyar azumi ba ta wasa ba ce, kwalba ɗaya tana aikin biyu, shi kuwa tun safe yake gwaji. Burgi ta ga kunnuwansa sun yi ja. Ta taga kuma tana hango agogon hasumiyar coci, dogon hannu yana ta hawa.

Ta lallaɓo ta ja masa kyalle. "Korbi, sha biyu ta kusa."

"Mama, ina tsakiyar tarihin alkama."

"Sosej sun yi."

"Sosej ne na ƙarshe. Akwai tsari."

Tsarin ya fito a faranti. Tunda giyar tana ƙamshin ayaba, in ji shi, dole a aura mata ayaba. Ya yanka ta, ya ɗora mata cuku mai shuɗin fumfuna, ya yaryaɗa narkakken cakulan. Faranti na biyu kifi ne da aka jiƙa a ruwan tsami, da zuma a kansa. Duk wannan kuma ba ɗigon giya a kofin kowa, domin ya ce sai harshe ya fara yin tambaya kafin a ba shi amsa.

Hias ya sa a baki, ya tauna, ya dubi bokitinsa.

"Yanzu na gane," ya ce, ya yi amfani da shi.

Fada ya ce sai yanzu ya tuna azumi ake yi. Zenzi ta naɗe nata a takarda, ta ce za ta kai wa kyanwarta, suna da tsohuwar rigima.

"Yaro," in ji Hias, "tun gari bai waye ba na tashi na ɗura sosej ɗin nan. Ina suke?"

"Suna zuwa, Kawu. Amma ban da mastad. Mastad danne giya yake yi. Da ayaba za a ci."

Hias ya miƙe tsaye. Ya nuna agogon coci da haɓa. Duk ɗakin aka juya aka dubi hasumiya. Korbi ma ya juya, ya runtse ido ɗaya don hannayen agogon su daina rabuwa. Sai a lokacin ya ga abin da uwarsa ke gani tun ɗazu. Duk da kwas ɗinsa ɗan ƙauyen nan ne, ya san abin da ƙararrawar take nufi.

Ya faɗa kicin da gudu. "Mama, ruwan nan barci yake yi."

"Kada ka taɓa, haka ake so."

"Je ki ɗauko min sauran ayaba a motarki. Yi sauri, Mama."

Ta san bai kamata ta fita ba. Amma ya faɗa da irin muryar da yake kiranta yana ƙarami in ya yi mugun mafarki, sai ƙafafunta suka tafi da kansu. Tana ba da baya ya murɗa wuta har ƙarshe, ya rufe tukunya, ya koma falo yana tafa hannu.

"Jama'a, babban lokaci ya yi. Kowa ya riƙe kofinsa."

Ya ɗauko kwalba daga bakin murhu, sai da ya sauya hannu don zafi. Ya ƙara mata 'yar girgiza, ko akwai ɗigon da aka zalunta. Zenzi ta buɗe laimarta a cikin ɗaki.

Ya ɓalle murfin.

Burgi tana waje da ayaba a hannu ta ji ƙarar, ta ɗauka taya ce ta fashe. Da ta shigo, kumfa ce ke tashi daga hannun ɗanta miƙe sambal har silin, tana dawowa kamar ruwan sama. Korbi ya toshe bakin kwalbar da babban yatsa, sai ta sauya hanya ta nufi Fada, ta wanke shi tun daga tabarau har takalmi. Ya juya zai nemi tawul, kwalbar ta juya tare da shi, ta bi sahun farko mutum bayan mutum.

"Kun gani?" yake cewa daga cikin kumfa. "Kun ga yadda ta buɗe? Abin da nake gaya muku ke nan, magana take yi."

"Ka ce mata ta yi shiru," in ji Hias.

Abin da ya rage a kwalbar ko gindin kofi bai jiƙa ba. Korbi ya ce wannan ta cika zumuɗi, bari a gwada wata. Ta biyu ta fi ta farko. Da ya ɗauko ta uku sai ya tuna salon da ya ga masu hidima na yi a Munich, su kifa kwalba a cikin kofi su zare ta a hankali. Ya kifa. Kofin ya yi nasa waje, kumfar ta yi tsalle ta sauka a kan hular Baba Ignaz. Tuntun nan da ke tsaye tun zamanin mahaifinsa ya kwanta, yana ɗiga.

A cikin ɗakin ba wanda ya yi dariya. A waje ne ake yin ta, domin ƙarar ta janyo masu hira a filin coci, duk sun manna fuska a tagogi.

Korbi ya ja da baya, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a kan akwatunan. Na gefe ya kife, kwalabe suka gangara, wasu suka fashe, wasu suka tofar da murafunsu da kansu. Dattawa suka ɗage ƙafafu. Wani tsoho ya tara bokitinsa inda take ɗigowa daga silin, ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Baba Ignaz ya miƙa hannu ya karɓa, shi ma ya ɗanɗana.

"Tun ina saurayi nake dafa giyar nan," ya ce. "Yau na fara shan miyarta."

A nan Burgi ta tuna da tukunya. Ta ruga kicin, murfi yana rawa, ta kashe wuta ta buɗe. Ba sauran ko ɗaya mai kama da sosej. Duk sun fashe, fatu na yawo a sama, nama ya dame kamar kunu. Ta tsaya tana kallo. Sannan, da yake uwa ce, ta ɗauko tukunyar haka nan, ko Allah zai sa yunwa ta rufe wa wani ido, ta fito ta ajiye a kan teburin dattawa.

Hias ya leƙa. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, yadda ake yi a bakin kabari.

Sai ƙararrawa ta fara bugawa.

Ba wanda ya motsa har ta gama. Fada, da ya riga ya ɗauki cokali don tausayin Burgi, ya mayar da shi a hankali.

"Ai za a iya sha," in ji Korbi daga kan akwatuna. "Tunda sun daina zama sosej, ƙararrawa ba ruwanta."

"Korbi, yi shiru," in ji uwarsa.

Baba Ignaz ya miƙe, ya matse tuntun hularsa, ya mayar da ita kansa a jiƙe. Ya zare makullin daga jikin ƙofa ya sa a aljihu.

"Baba," in ji Burgi, "a ƙara masa Lahadi ɗaya. Ni zan tsaya a kan komai."

"Ai yau ma kina tsaye, Burgi." Ya ɗaga kai ya dubi silin. "Gobe zan aiko a buɗe masa, ya wanke wannan ya shafa fenti. Ba da kwalba a hannu ba."

"Wa za ka ba gidan ke nan?" in ji Zenzi daga ƙarƙashin laima.

"Ɓeraye. Su ke riƙe da shi tun kaka, ban ji sun girgiza komai ba."

Dattawa suka fita, takalmansu na mannewa da ƙasa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya yi tsaki, har Fada, wanda ya ce shi wani abu ne ya maƙale masa a haƙori.

Da yamma Burgi ta zauna a kicin ɗinta, ko takalmin coci ta kasa cirewa. Tana jin motsinsa a sama, ta tabbata shirin tafiya yake yi. Ta fara tunanin safa da rigunan sanyin da za ta haɗa masa, hawaye na bin kumatunta. Can sai ga shi ya sauko da jiƙaƙƙen tawul a ka, ya zauna ya jawo kwanon miya gabansa.

"Mama, na yanke shawara. Ba inda za ni."

Ta dafe ƙirji. "Da gaske, Korbi?"

"Da gaske. Yau na ga zurfin duhun kan garin nan. In na tafi na bar su haka, Allah zai tambaye ni. Kuskurena ɗaya ne, na faro musu daga sama. Dole a koma tushe."

"To, amma gidan fa? Baba ya karɓe makulli."

"Me za mu yi da gidansa? A nan za mu yi. Falonki, duk ran Lahadi. Na riga na auna, in aka fitar da kabad ɗin kwanukanki kujeru za su shiga. Murhunki ma ya fi nasu zafi."

Burgi ta ɗaga kai ta dubi silin ɗinta, fari ƙal. Ta dubi labulenta. Sannan ta tashi ta ƙara masa burodi, ta gyara masa tawul ɗin a goshi.

"Korbi," ta ce a hankali, "jirgin ƙasan Munich na safe, har yanzu yana tsayawa a tasharmu?"

"Me ya sa kika tambaya?"

"Ba komai, ɗana, ci abincinka. Kawai na tuna ne, a birni ma akwai masu duhun kai. Bai kamata a bar su su kaɗai ba."